Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Nasiha Ga Matasan Marubuta

'Ya'yana maza da mata, ku da kuke rubuta ƙagaggun labarai kuna fitar da su da kanku, ba kamfani ba edita, da ku nake magana. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa, kuma na tabbata basira ba ta yi muku ƙaranci ba. A zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad da wuya gari ya waye ba a buɗe sabon labari ba, ga suna mai jan hankali, ga bango ya sha ado. Babi na ɗaya ya zo da zafinsa, na biyu ya fi shi, masu karatu su yi ta sa albarka. Ana kaiwa wajen babi na goma sha biyar sai a ji ɗif. A yi ta cigiya: "Anti, ina ci gaban?" "Malam, ko lafiya?" Bayan wata biyu sai ga mai labari ya ɓullo da ban-haƙuri, a hannunsa kuma wani sabon labari ne. Wancan na farko an bar jarumarsa kwance a asibiti, ko tsaye a gaban alƙali, kuma a nan za ta dawwama.

Ba zan kira wannan lalaci ba. Wanda ke raba dare yana danna waya har yatsansa ya sage ba malalaci ba ne. Tsari ne ya rasa, kuma in kuka waiwayi tarihin rubutunmu za ku ga inda giɓin ya fito. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari, kuma daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam a lokacin malami ne a makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22. Da aka ga irin hannunsa, a 1936 sai aka ɗauke masa aikin aji, aka kawo shi Zariya ya zauna wata shida ba abin da ke gabansa sai rubutu, a wannan zama ya rubuta Magana Jari Ce. Ku dubi abin da ya samu bayan baiwar da Allah ya yi masa: akwai mai jiran aikin, akwai wa'adi, akwai mai dubawa ya ce gyara nan, akwai mai bugawa.

Su ma iyayenku da yayyenku da suka cika kasuwar Kano da littattafai tun daga shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ko da yake da kuɗin aljihunsu suke bugawa, akwai abin da ke tsare su. Sai an rubuta da hannu a kan takarda, a kai wa mai buga keken rubutu ko kwamfuta, a wuce maɗaba'a, sannan a kai wa 'yan kasuwa. Maɗaba'a ba ta buga rabin babi. Kuɗin littafi na ɗaya da shi ake buga na biyu, in kuma marubuci ya yi nawa, ɗan kasuwa da masu karatu su koma wa wani. Ku kuwa waya ta sauƙaƙa muku komai: shafin da kuka rubuta yanzu, kafin ku ajiye wayar mutum ɗari sun karanta. Wannan ni'ima ce, sai dai ta tafi da abin da ke tilasta wa mutum ya kai aiki ƙarshe. Ba wanda zai ɗauke muku hidimar rayuwa na wata shida, ba wanda zai kama ku in kun fasa. Saboda haka marubuci mai cin gashin kansa shi ne hukumar kansa: shi zai yanka wa kansa lokaci, shi zai sa wa kansa wa'adi, shi zai tuhumi kansa. Duk abin da zan faɗa muku nan gaba, yadda ake riƙe wannan muƙami ne.

Abu na farko da nake so ku saki shi ne jiran shauƙi. Nakan ji kuna cewa, "Yau ba na jin rubutu," ko "Kaina ya cushe." Gaskiya ne akwai ranar da magana ke zubowa, akwai ranar da sai an tatso ta. To amma ranakun zubowa ba su da yawa a shekara, kuma ba sa aiko da saƙo kafin su zo. Wanda suka tarar a zaune da alƙalami shi ke cin moriyarsu. Akwai wani marubucin Ingila, Anthony Trollope, wanda ya yi shekara 33 yana aikin gidan waya, ya kuma bar ƙagaggun littattafai 47. Kullum da ƙarfe 5:30 na asuba yana kan teburinsa. Har ƙarin fam 5 yake biyan wani dattijon hadiminsa a shekara don ya tashe shi, ya kawo masa kofi. Yakan fara da karanta abin da ya rubuta jiya, sannan ya ajiye agogo a gabansa, ya nemi kalma 250 daga kansa a kowane minti 15, kafin ya tashi ya tafi ofis. In ya gama littafi alhali lokacinsa bai cika ba, sai ya jawo sabuwar takarda ya fara wani. Mutanen zamaninsa da suka ji haka wasu sun raina shi, suka ce ai wannan sana'a ce ba fasaha ba. Yau fiye da shekara 140 da rasuwarsa ana nan ana karanta shi.

Ban ce ku ɗauki ma'aunin Trollope ba. Hasali ma kuskuren da na fi gani a wurinku shi ne ɗaukar alkawarin da ya fi ƙarfinku. Yaro ya ji wa'azin himma ya rantse zai riƙa rubuta kalma 3,000 kullum. Ya yi kwana uku, ran na huɗu aka aike shi ɗaurin aure, ran na biyar kunyar kansa ta hana shi komawa. Ku ɗauki rubutu kamar adashi. Mai hankali ba ta shiga zubin da sai ranar ciniki mai kyau za ta iya biya. Takan zaɓi wanda ko ranar da kasuwa ta yi kwantai za ta iya fitarwa, don ta san albarkar adashi tana cikin rashin fashi, kuma ranar kwasa kowa sai ya yi mamakin abin da 'yan canjin nan suka tara. Ku yi lissafi da kanku. Kalma 300 ba ta wuce shafi guda ba, kuma mai matsakaicin sauri zai rubuta ta cikin rabin awa. In kuka yi haka kwana 300 a shekara, kuka bar sauran kwanakin ga sallah da biki da rashin lafiya, kun tashi da kalma 90,000. Littafi ne cikakke, mai kauri. Da yayyafi kogi kan cika, in ji Bahaushe. Addininmu ma ya koya mana cewa aikin da ake dawwama a kansa, ko ɗan kaɗan ne, shi ya fi soyuwa a wurin Ubangiji. Ran da kuka wuce ma'aunin, madalla, amma kada ku ce tunda yau na yi na kwana uku, gobe da jibi hutu. Sabo kuke ginawa, shi kuwa sabo da zuwa kullum yake kama jiki.

Ma'auni kuma ba ya tsayawa sai an ba shi lokacinsa. "In na samu sarari zan rubuta" magana ce da ba ta taɓa haifar da littafi ba, don sarari ba ya zuwa da kansa a gidan Bahaushe. Ku ɗaura rubutun a jikin wani abu da ba ya tashi. Mu da muke da salloli biyar an riga an raba mana yini, saura mu zaɓa. Da yawa sun fi samun natsuwa bayan sallar asuba da azkar, kafin gida ya tashi, kafin a fara sallama a ƙofa, ƙwaƙwalwa ba ta cika da hayaniyar yini ba. Wani kuma sai bayan isha'i. Ɗan kasuwa yana da zaman nan na tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ciniki ke lafawa. Ɗalibi yana da awar da malami bai shigo ba. Ko wanne kuka zaɓa, ku tsaya a kansa, har jikinku ya san in lokacin ya yi ba tambaya.

Ke 'yata, na san naki ya fi wuya. Girki naki, wanki naki, rainon yara naki, in baƙi suka zo ke za a kira. Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba, amma ki sani an yi kafin ke. Toni Morrison ta Amurka tana aikin edita a kamfanin buga littattafai, tana rainon 'ya'yanta maza biyu ita kaɗai, sai ta riƙa tashi kafin fitowar alfijir tana rubutu kafin su farka. Littafinta na farko bai fito ba sai 1970, tana da shekara 39, a 1993 kuma ta karɓi kyautar Nobel. A nan gida, Balaraba Ramat an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, daga baya ta koma ajin manya ta nemi ilimi. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne da ya fito a 1990, a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya. Abin da zan ƙara miki shi ne kada ki mayar da rubutunki abin ɓoyo. Ki zauna da maigidanki ko mahaifiyarki cikin ladabi, ki ce ga abin da nake yi, ga rabin awar da nake roƙo. Wadda ke satar lokaci kullum a tsorace take, da ta ji motsi ta tura waya ƙarƙashin filo. Wadda aka ba ta lokacin kuwa, har yara kan koyi cewa yanzu Umma tana aiki. Kai kuma ɗana, in Allah ya haɗa ka da mace mai rubutu, ɗaukar yaro na rabin awa ba zai rage maka komai ba.

To an samu lokaci, an zauna. Nan ma akwai tarko, don abin da kuke rubutu da shi, shi ne kuma kasuwar surutu. Ka buɗe waya da niyyar rubuta babi, saƙo ya shigo, ka ce bari in duba ɗaya kawai, kafin ka farga ka yi minti arba'in kana kallon rigimar da ba ta shafe ka ba, caji ya ƙare, ga shi ba wuta. Maganin ba ya buƙatar kuɗi: kashe data kafin ka fara, kada ka kunna sai ka cika ma'auninka. In zuciyarka ba ta da wannan ƙarfi, sayi littafin rubutu da biro, ka bar wayar a wani ɗaki. Takarda ba ta neman caji, ba ta kuma kawo gulma. Ga wata riba: ranar da za ka kwafe abin da ka rubuta zuwa waya ko kwamfuta, gyaran farko ke nan ka yi ba tare da ka sani ba.

Shi kuwa cushewar kai da kuke kuka da ita, in aka bincika sau da yawa ba basira ce ta ƙafe ba, marubucin ne bai san inda labarinsa ya dosa ba. Ya fara ne don ya ga wata kyakkyawar fitowa a zuciyarsa, yarinya ta haɗu da saurayi a tashar mota, bai taɓa tambayar kansa yadda za a ƙare ba. Da wannan fitowa ta wuce sai ya fara lalube. A nan ne ake jawo hatsarin mota ba dalili, a kawo aljani, a ɗauko rabin wani fim ɗin Indiya ko na Koriya a liƙa. A nan ne wanda aka binne a babi na shida ke fitowa yana sayen goro a babi na talatin, ƙanwar da ake kira Hafsatu ta koma Hauwa. Masu karatu suna lura, ko ba su faɗa ba. Kafin ku rubuta layin farko, ku cika takarda ɗaya tak: wane ne mai labarin, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa kafin ya samu, ina za a tsaya. A bayan takardar ku jera sunayen mutanen labarin da shekarunsu da dangantakarsu da garuruwansu. Ba dole ku bi ta sau da ƙafa ba, labari yakan canza hanya, amma mai takarda in ya ɓata ya san inda zai koma. Sannan ga wata dabara da aka san Ernest Hemingway da ita: ku tashi daga rubutun yau tun kuna sane da abin da zai biyo baya. Kada ku tatse kanku ƙarƙaf. Ku bar jimla ɗaya da ke nuna inda za a ɗora, gobe kuna zama ba sai kun yi ta kallon farar takarda ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce nauyi a wurina. Rubutu kullum daban, saki kullum daban. Da yawanku kun haɗe su, kun ɗauka matsin masu karatu shi ne horo. Ku rubuta shafi da yamma, ku sake shi da dare, ku kwana kuna ƙirga masu yabo. Na ga inda wannan hanya ke kaiwa. Ranar da aka yaba ƙwarai, gobe a yi rubutu da karsashi. Ranar da aka yi shiru, ko wata ta yi baƙar magana, hannu ya mutu. Sannu a hankali alƙalamin ya bar hannun marubuci ya koma hannun 'yan zaure: sun ce kada a kashe wane, sai a fasa kashe shi, sun ce a ƙara wa kishiya azaba, sai a ƙara, labarin da ya kamata ya ƙare a babi arba'in ya kai ɗari, ba kai ba gindi. Kuma abin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa. In a babi na ashirin kuka gane cewa tun a na uku aka kauce, sai dai ku yi ta ɗinki a kan ɓaraka. Mafi alheri ku gama labarin duka kafin kowa ya ga shafin farko. In ba za ku iya wannan haƙuri ba, to kada ku fara saki sai kuna da aƙalla babi goma a ajiye, kuma ku faɗa wa masu karatu ranakun da za su riƙa samu, sau biyu ko uku a mako, ku tsaya a kai. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ku, ajiyar nan ce za ta rufa muku asiri.

In kuma har kun karɓi kuɗin mutane, maganar ta wuce ta adabi. Wadda ta turo 'yan ɗaruruwanta don a sa ta a zauren masu biya, wataƙila daga kuɗin cefane ta tsakura. Labarin da aka biya aka bar shi a rabi bashi ne a wuyan mai shi, kuma alkawari kaya ne. Na ga marubuta masu hannu ƙwarai waɗanda sunansu ya zube ba don rubutunsu ya lalace ba, sai don an san su da fasawa. Da sun sanar da sabon littafi sai ka ji ana cewa, "Bari mu ga ta gama tukuna." Sunan da aka yi shekaru ana ginawa, littafi biyu marasa ƙarshe sun isa su rushe shi.

Abin da ke janye mutum daga labarin da yake kai kuwa yawanci sabon labari ne. Yakan zo daidai tsakiyar aiki, inda tsohon ya fara gundura, ya zo da kyau da ƙamshi. Kada ku kore shi, kada kuma ku bi shi. Ku rubuta shi cikin layi biyar a wani littafi na daban, ku rufe, ku koma bakin aikinku. In na kirki ne zai jira. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku sani shi ma sabon nan yana da tasa tsakiyar mai gundura, kuma wanda bai taɓa ƙetare tsakiyar littafi ba har yanzu bai koyi rubuta littafi ba, buɗe labari kawai ya iya. Darasin da ke cikin gama littafi ɗaya, ko mai rauni ne, babu shi a cikin fara guda goma.

Wasunku kuma matsalarsu akasin wannan ce. Sun yi wata shida a babi na ɗaya, kullum ana gogewa ana sakewa. Ku raba aikin biyu. Lokacin rubutun farko ku bar hannu ya tafi, ko da jimla ta karkace. In an kai ƙarshe a ajiye shi mako biyu ko uku, sannan a dawo masa da idon baƙo. A nan ne za ku karanta a bayyane, kunnenku ya kama inda mutum ya yi maganar da ba mai yin irinta a tsakar gida. A nan ne za ku bi ƙa'idar rubutu: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, wadda rashinta ke mayar da ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari, inda ake haɗe kalma da inda ake raba ta, cusa Turanci inda Hausa ke da kalmarta. Ba ku da edita, saboda haka ku ne editan, kuma mai karatu yana gane marubucin da ya girmama shi tun daga shafin farko.

Duk da wannan tsari, sai kun yi fashi. Azumi zai zo, haihuwa za ta zo, jarrabawa da rasuwa da jinya za su zo. Ba laifi ba ne. Illar tana cikin abin da mutum ke gaya wa kansa bayan fashin, cewa tunda na karya shi ke nan. A irin waɗannan lokuta ku rage ma'auni, ko layi biyar ne, don kada zaren labarin ya tsinke a zuciya. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya a 1971, kuma a lokutan da yake tashi daga ofis ya rubuta mafi yawan manyan littattafansa, cikin tsarin lokaci da aka san shi da tsare shi. A 1994, yana da shekara 82, wani ya daɓa masa wuƙa a wuya, jijiyar hannunsa na dama ta taɓu, ya zama ba ya iya riƙe alƙalami sai na 'yan mintuna a yini. Da waɗannan 'yan mintuna ya ci gaba, yana rubuta gajerun labarai na mafarkai, har aka tara su aka buga. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da kuka sha wahalar tarawa kuma ku tsare shi. Waya tana faɗawa ruwa, tana mutuwa, ana ƙwace ta a hanya. Na ga wanda littafinsa guda ya tafi tare da wayarsa, bai sake samun ƙarfin zuciyar rubuta wani ba. Duk ƙarshen mako ku tura wa kanku abin da kuka rubuta ta imel, ko ku ajiye a Google Drive. Kada kuma ku dogara da cewa yana nan a manhajar da kuke sayarwa. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sa littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Manhaja ta wani ce, ranar da ya ga dama ya rufe. Kwafin da ke hannunku shi ne naku.

Mai fitarwa kullum kuwa dole ya riƙa zubawa. Marubucin da ba ya karatu, ba a daɗe ba sai ya fara maimaita kansa. Ku ware wa karatu nasa lokacin, kuma kada ku tsaya a kan abin da sa'o'inku ke rubutawa a zaure. Ku koma wa Imam ku ga yadda ake saƙa labari cikin labari, ku karanta So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ku karanta tarihi da fassarar adabin wasu al'ummu. Ku kuma buɗe kunne. Hirar cikin A Daidaita Sahu, cacar bakin masu awo, zancen tsofaffi a gidan suna, habaicin da ake yi a layin asibiti, duk kayan aikinku ne, ba kuma a sayar da su. In kuka ji magana mai daɗi ku rubuta ta nan take, don zuwa dare ta gudu.

Ku nemi abokan tafiya, amma ku zaɓa. Marubutan Kano na zamanin su Balaraba Ramat sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don su taimaki juna wajen bugawa da rarrabawa, kuma Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi inda ake zama a karanta aiki a yi sharhi. In ba ku kusa da irin wannan, mutum biyu ma sun isa: ku yi alkawari duk ranar Juma'a kowa zai faɗa wa ɗan'uwansa shafi nawa ya yi. Abokin da zai tambaye ka "Ina aikin?" ya fi maka ɗari masu cewa "Gaskiya kin iya" ko "Ka burge ni." Zauren da aka fi yin gulmar wasu marubuta a cikinsa fiye da maganar rubutu kuwa, fita daga cikinsa ƙarin lokaci ne.

Game da kuɗi, kada ku yi gaggawar barin sana'a ko makaranta don littafi ɗaya ya karɓu. Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna koyarwa suka rubuta littattafansu na farko. Wanda ya san abincin gidansa ba a kan babin yau ya rataya ba, shi ke iya rubuta abin da ya yarda da shi. Wanda yunwa ke kora kuwa, abin da kasuwa ta ce shi zai rubuta, ko da abin da zai ji kunyar 'ya'yansa su karanta ne. Haka batun gasa. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata, ana neman labarin da bai wuce kalma 1,500 ba. Ga mai rubuta 300 kullum wannan aikin kwana biyar ne, sauran makonnin na gyara. Amma duk shekara sai ka ga masu fafutuka a daren rufewa, suna tura abin da ko sau ɗaya ba su sake karantawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka, ɗana, 'yata, kada ku jira sabuwar shekara ko sabuwar waya. Cikin labaran da kuka bari a hanya ku zaɓi ɗaya, wanda har yanzu in kun tuna shi zuciyarku ke motsawa. Ku karanta shi daga farko, ku rubuta ƙarshensa a takarda ɗaya, ku yanka ma'aunin da ko ranar gajiya za ku iya cikawa, ku sa masa lokaci, ku faɗa wa mutum ɗaya da kuke jin kunyarsa. Kada ku yi sanarwa a zaure, ku bari sai aikin ya kammala ya yi wa kansa shela. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa lokacinku albarka, ya sa abin da za ku rubuta ya amfani jama'a, ya kuma zame muku abin alfahari duniya da lahira.